Ƙasar da Na Zuba a Bakin Kududdufi

Ina kan keken ɗinki, ina haɗa wuyan wata riga, wayata ta yi ƙara. Matar yayana ce. Tun da ya rasu ba ta taɓa kirana da rana ba, takan jira in koma gida da yamma. A lokacin saura kwana kaɗan ta fita takaba.

"Tela," in ji ta, "tifa ta shigo. Tun hantsi nake jin ƙararta, wannan ce ta uku. Maƙwabciyata ta leƙa, ta ce ta bakinmu suka fara."

Ban tambaye ta me ake zubawa ba, ban tambaye ta a ina ba. Na ce mata ga ni nan. Na sauke ƙafa daga keke, na zauna ina kallon allura tsaye cikin yadi. Sai da mai shagon kusa da ni ya yi mini magana sau biyu kafin na tashi na nemi takalmina. Daga Gwammaja zuwa gida ba nisa, amma ranar na ga tsawon hanyar.

Gidanmu yana Mandawari, a ƙarshen wani lungu da ke gangarowa har bakin kududdufi, daidai inda lungun ya haɗu da titi. Wanda bai tashi cikin birni ba yakan ɗauka kududdufi rami ne kawai da ruwa ya samu ya kwanta. Namu mutane ne suka haƙa shi. Duk gidan da ke kewaye da shi daga nan aka ɗebi ƙasarsa: tubalin katanga, da ƙasar da ake zubawa kan azara, da ta yaɓe. Kakanmu magini ne, babanmu magini ne, Yaya ma ya gaje su. Ni kaɗai na kauce na koyi ɗinki, don ba na son laka a farce.

Abin da na buɗe ido na gani shi ne, kowace shekara idan rani ya yi nisa, ruwa ya ja baya, magidanta sukan sauka da diga da kwando. Kowa ya haƙi ta yaɓen gidansa, a kwaɓa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta yi danƙo, a shafe katanga da saman soro kafin ruwan farko. Ban taɓa jin wani ya ce muna gyara kududdufi ba. Gidansa kowa yake gyarawa. Amma duk kwandon ƙasar da aka fitar, wurin ruwa aka buɗe. Idan damina ta sauka, ruwan indararon unguwa duka sai ya bi kwata ya gangaro ta ƙofar gidanmu, ya tarar da masauki. Mukan tsaya a zaure muna kallonsa yana wucewa, ja wur, bai taɓa hawa dokin ƙofa ba.

Ba zan ce wurin aljanna ba ne. Yana da sauro, da bazara yana wari, iyaye mata kuma kullum cikin fargaba suke saboda yara. Amma akwai kainuwa da ke rufe gefe guda kamar an shimfiɗa darduma, akwai bado, balbelu na sauka da yamma, masu rini da masu wanki da masu jakai duk suna amfana. Wata shekara Yaya ya fasa wani curin laka busasshe a gabana, sai ga gaiwa a naɗe a ciki, da ranta, tana jiran ruwa. Na ce mu kai wa Inna ta dafa. Ya mayar da ita ya rufe, ya ce wadda ta yi haƙurin wata shida ba za ta ƙare a tukunyar Inna ba.

Siminti ne ya sauya komai, a hankali. Wanda ya yi gidan bulo ba ya buƙatar yaɓe, don haka ba ya sauka da diga. Masu sauka suka ragu, suka ragu, har ya zama Yaya ne da wasu tsofaffi biyu. Shara kuwa ba ta ragu ba. Amma ba shara ce ta fi cinye kududdufin ba.

Bayan rasuwar Inna aka raba mana gida. Yaya ya ɗauki ɓangaren ƙasa, mai kallon kududdufi, inda ɗakin da kakanmu ya gina yake. Ni na samu ɓangaren sama, da ɗakin Inna a ciki. Na ɗan samu sarari a shekarar, matata kuma ta gaji da share garin ƙasa daga kan gado, sai na yanke shawarar rushewa in yi na bulo. Yaya bai hana ni ba. Ya ce gidanka ne. A makon da aka fara rusau aka kira shi aikin wani masallaci a ƙauye, ya tafi.

Ɗakin ƙasa idan yana tsaye ba ka sanin yawansa. Da aka kwantar da ɗakin Inna da katangarsa, tsibin ya toshe lungu, mai kurar ruwa ma ba ya iya wucewa. Na tsaya ina tunanin hayar mota a kai shi bayan gari. Ladanin masallacinmu, dattijo mai kirki, Allah ya jiƙansa, ya zo wucewa ya gan ni.

"Me kake tunani, Tela?"

"Baba, inda zan kai wannan ƙasa."

Ya yi dariya. "Kai da ƙasa, gidanta yana taku ashirin? Daga ina kakanku ya ɗebo ta? Aro ya yi. Mayar musu da abinsu."

Maganar ta kwanta mini. Ba shi ya fara faɗinta ba, haka ake cewa a unguwar: a mayar da ƙasa gidanta. Duk wanda ya rushe ɗakin ƙasa haka ya yi, kuma muna yin sa ne da zuciya ɗaya, har da jin cewa mun kyauta. Ba bola muke zubawa ba, ƙasa ce mai tsarki da iyayenmu suka yi salla a kanta. Kai ta juji ma sai ya zama kamar wulaƙanci. Kwana uku lebura biyu suna turawa a baro. Inda ya fi kusa suka zuba, wato bakin kududdufi ta wajenmu, daidai inda kwatar lungu take faɗawa. Ni da kaina na bi na daddage ta da ƙafa don wurin ya yi kyau.

Yaya ya dawo bayan sati biyu. Ko jakarsa bai ajiye ba, ya wuce bakin ruwa ya tsaya. Na same shi can.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Yaya. Ƙasar ɗakin Inna ce, na mayar da ita."

"Ka mayar."

"Ai aro ce."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya kamo gefen rigata, ya zura hannu a aljihuna. "Kai ka ɗinka wannan?"

"Ni ne."

"Da ka yanke yadin nan ka buɗe aljihu, aro ka yi? In na kawo maka ƙyallen na ce ka mayar ka ɗinke, ina mai riga zai sa hannunsa?" Ya saki rigar. "Wannan aljihun unguwa ne. Ka ɗinke bakinsa."

Na ji haushi, don a gaban mutane ya faɗa. Na ce kowa ma ya zuba, me ya sa sai tawa. Ya ce kowa ya zuba, amma ba kowa ne jikan wanda ya haƙa ba, kuma ba kowa ne ya zuba a bakin kwata ba. Abu ɗaya ya roƙe ni: in kwashe ƙasata kafin ruwa ya sauka. Na ce to.

Ban kwashe ba. Daminar farko ruwa ya tsaya a lungu kamar rabin yini, sannan ya sami hanya ta gefe ya wuce. Na ce wa kaina ai ga shi ya wuce. Ta biyu ya hau dokin ƙofar zaure. Ni na ɗaga harsashin ginina sosai, kamar yadda mai bulo ya ba ni shawara, don haka ruwa ya zo ya shinshina bangona ya juya wajen Yaya. Matarsa ta riƙa kwarfewa da roba tana yi mini tsiya ta kan katanga: "Mai bene, a taimaka mana da tsani!" Ba bene na yi ba. Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Daga nan ya mayar da kududdufin aikinsa. Ya sami doguwar gora, ya yi mata tsaga-tsaga da wuƙa, duk ƙarshen damina ya shiga ya auna zurfi a wurare uku. Tsagar da ruwa ke kaiwa tana ta saukowa. Ya ɗauki gorar ya kai wa mai unguwa har zaure. Mai unguwa ya saurare shi da kyau, ya ce gaskiya ne, za a duba. Ya bi gida-gida yana roƙon masu rusau su ba shi ƙasar ya san yadda zai yi da ita. Matasan majalisar bakin titi suka sa masa suna Sarkin Kwaɗi. Idan ya zo wucewa sai wani ya ce, "Ranka ya daɗe, ya talakawa?" Shi kuma ya ce, "Suna gaishe ka, sun ce bana a ɗakinka za su yi tarawi."

Wata shekara wasu malaman jami'a suka zo, mace ɗaya da maza biyu, da na'urar ɗaukar hoto. Suna zagaya kududdufan birni, suna rubuta waɗanda suka saura. Aka nuna musu Yaya. Ya yi musu bayani fiye da awa guda a tsaye cikin rana. Malamar ta ce abin da ya faɗa shi ne abin da suke koyarwa: cewa ramukan nan su ke shanye ambaliya, su ke sa rijiyoyin gidaje ba sa ƙafewa, su ke rage zafin unguwa. Ya dawo gida yana murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ya ce, "Ka ji, Tela? Ashe abin har a littafi yake." Sun yi alkawarin kai rahoto inda ya dace, kuma na yarda sun kai. Bayan zuwansu aka yi aikin gayya sau ɗaya, matasan nan masu tsokanarsa ma sun shiga, aka kwashe leda da robobi tuli guda. Leda aka kwashe. Ƙasa ba wanda ya taɓa, don a idonmu ƙasa ba datti ba ce.

Duk shekara idan rani ya yi sai ya tuna mini, sau ɗaya tak, ba ya maimaitawa. "Tela, ƙasarka." Ni kuma kullum da dalilina. Shekarun nan azumi da salla suna faɗowa cikin rani, lokacin da tela ba ya ɗaga kai. In salla ta wuce sai bukukuwa. In na farga sai hadari ya haɗu.

Bara ne na sauka. Wata Juma'a da safe na rufe shago, na same shi ya riga ni da diga da shebur da baro. Ya miƙo mini shebur. Shekara bakwai ƙasar tana kwance, ruwa ya dake ta, ƙafa ta dake ta, ta koma kamar daɓe. Shi yake sara duk da shekarunsa, ni ina kwasa. Kafin hantsi hannuna ya yi bororo ya fashe. Ya duba ya ce, "Hannun amarya."

Can diga ta ɓanɓaro wani ɓangaren bango mai faɗin faranti, da shuɗin fenti a jikinsa, da ƙusa a kafe. Na gane shi nan take. Ƙusar da Inna ke rataye carbinta ce, a gefen gado. Na tsuguna na riƙe shi, na kasa jefawa a baro.

Yaya ya jingina da diga yana kallona. "Ɗauki ka sa," ya ce, a hankali. "Ɗakin Inna ne, ba Inna ba ce."

Na cire ƙusar na sa a aljihu, na jefa sauran.

Kafin a kira salla mun buɗe rami mai tsawon tabarma biyu, zurfinsa bai kai gwiwa ba. Idan aka kwatanta da abin da na zuba, ko kashi ɗaya cikin goma ba mu taɓa ba. Ƙasar da muka fitar ya kwaɓa ta ya yaɓe bangon ɗakinsa ta waje. Muka yi alkawarin kowace Juma'a har ruwa ya sauka.

Ranar Talata ya faɗi a bakin masallaci bayan la'asar. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Juma'ar da ta biyo muna asibiti, da wadda ta bi ta. Da aka sallamo shi ruwa ya riga ya sauka, ramin da muka haƙa ya cika ya shafe.

Daminar nan ba na son tuna ta. Wata Asabar aka fara ruwa da azahar, kafin la'asar ya shiga ɗakinsa. Na roƙe shi mu ɗauke shi zuwa ɓangarena, ya girgiza kai. Sai muka ɗaga gadon da shi a kai, ni da maƙwabta, muka saka bulo biyu-biyu a ƙarƙashin ƙafafun. Ragowar bulon ginina ne. Yana kwance yana kallon takalmansa suna yawo a tsakar ɗaki. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna wajen kududdufi, ya nuna ni. Bakinsa ya motsa, maganar ba ta fito ba. Na ce, "Na ji, Yaya. Da rani." Ya rufe ido.

Bangon ya jiƙa har ƙugu amma bai faɗi ba. Yaya ya rasu da shigowar sanyi.

Na yi niyya. Wannan kam Allah ya sani. Na ce bari a yi arba'in, sannan bari sanyi ya wuce, sannan bari ruwan ya ƙara ja da baya. Mun ji raɗe-raɗin cewa an ba wani wurin, amma an sha faɗin haka shekara da shekaru. Ina cikin wannan jiran wayar nan ta shigo.

Da na sauka a bakin titi, tifa ta huɗu tana ja da baya. Jar ƙasa ce da ɓaraguzai. Mutane sun taru suna kallo, mai unguwa yana gefe da hannu a baya. Wani mutum mai babbar riga da fayil a hammata, wakilin mai wurin, yana nuna inda za a juye. Na gaishe shi, na ce ni ne mai gidan ƙarshen lungu, kuma nan ne ruwan unguwa yake faɗawa. Ya amsa da mutunci. Ya buɗe fayil ya nuna mini takardu masu hatimi, ya ce shaguna za a yi, kuma za a yi lambatu, in kwantar da hankalina.

"Alhaji, lambatun zai kai ruwan ina?"

"Injiniya ya san wannan."

Na juya ga mai unguwa. Ya ce, "Malam, daga sama abin ya zo. Ni ma yau na gani." Ban san ko gaskiya ba ne, ban kuma ga amfanin sani ba.

Na matsa wajen direban, ya sauko yana shan ruwa. Ban san abin da nake so ya yi mini ba. Na ce masa ko za su fara ta can gefen, su bar bakin kwata tukuna. Ya goge baki, ya dube ni kamar na faɗi abin dariya.

"Baba, can ai laka ce, mota za ta nutse har gindi. Mun zagaya wurin nan kaf jiya. Nan kaɗai ne ƙasa take da ƙarfin ɗaukar tifa." Ya buga ƙafa a ƙasa. "Ji fa, kamar kwalta. Wanda ya cike nan ya iya aiki, Allah ya saka masa. Ya rage mana wahalar sati guda."

Na ce amin. Ya hau ya ɗaga bodi. Na tsaya har ƙasar ta gama zubowa. Inda muka haƙa ni da Yaya yana ƙarƙashin tayar baya ta hagu.

Na shiga gida. Matar Yaya tana zaune a bakin ƙofar ɗaki da carbi, na tsaya daga tsakar gida na gaishe ta.

"Ka gan su?"

"Na gan su."

"Me suka ce?"

"Suna da takarda."

Ta gyaɗa kai. Ta dubi bango, inda ruwan bara ya bar zane, ta dubi bulon da har yau suke ƙarƙashin gado. "To bana ina ruwan zai je, Tela?"

Na ce ta dawo ɓangarenmu kafin damina, akwai ɗaki, matata ma ta yi maganar. Ta ce ta gode. Ta ce a ɗakin nan aka kawo ta, a nan ta haihu, a nan aka yi masa wanka, kuma ɗakin ƙasa in ba mutum a ciki damina ɗaya yake yi. "In na fita wa zai kwarfe?" Ba tsiya a muryarta, da ma da tsiyar ta yi mini.

Da zan fita na ga gorarsa a jingine a zaure, da diga da shebur a bayanta, laka ta bushe a bakinsu tun ranar Juma'ar nan. Ban taɓa su ba.

Yanzu an kai rabin kududdufin, an fara jera bulo ta bakin titi. Lambatun ba a fara ba. Na je ofis biyu, an karɓi takardata, an ce in dawo. Na sayo buhuna na cika da yashi na jera a ƙofar ɗakinta, na san iyakar abin da buhu zai yi. Shekaranjiya hadari ya haɗu ta gabas, ya watse.

Ƙusar Inna tana cikin akwatin kekena, tare da allurai. Ƙasar da Yaya ya ce in kwashe tana nan a ƙarƙashin tasu. Ban kwashe ba.